Ɗorawata a Gonar Taubashina

Ina tsakar gidana a Kazaure, da hantsi, ina jera daddawa a kan tabarma don ta sha rana, sai na ji waya tana ƙara a ɗaki. Hannuwana sun ɓaci, na ƙyale ta ta katse. Aka sake kira. Da na goge hannu na amsa, sai na ji muryar babban ɗan taubashina. Bai tsaya doguwar gaisuwar da ya saba ba.

"Gwaggo, sai haƙuri. Baba ya cika ɗazu."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambaye shi ko ya sha wahala. Ya ce a'a, ya dawo daga gona ya ce kansa yana sarawa, ya kishingiɗa a zaure, shi ke nan. Na ce ina nan tafe. Sai na koma na ƙarasa jera daddawar nan har ta ƙarshe, don a lokacin ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Kalwar da na yi ta da ita daga gonarsa ta fito, amma ba tasa ba ce, tawa ce. Shekara da shekaru muna jan wannan magana ni da shi, kuma ita nake so in rubuta, don ba abin da ya kai ta ba mu dariya.

Shi ɗan kawuna ne, wan Innata. Shi ɗan namiji, ni 'yar mace, taubasai ke nan. Tun muna yara ba ya kiran sunana, sai dai "baiwata", ni kuma ina ce masa Sarkin Rowa. Ya girme ni kaɗan, amma wasan taubasai bai san girma ba. Ko a gaban surukansa sai in ce hularsa ta fi kansa hankali, ya ce in bari baƙi su tafi, ranar kasuwar Gwiwa zai kai ni ya musanyo akuya.

Gonar tana wani ƙauye a ƙasar Roni, a gindin duwatsu. Ta kakanmu ce. Da ya rasu malamai suka raba gado, aka fitar wa Inna nata rabon. Ita kuwa tana aure a Kazaure. Ta ce ƙasa ba za ta biyo ta gidan miji ba, amma kalwa tana shiga buhu. Sai suka yi musaya da Kawu a gaban dagaci da dattawa: ya haɗa rabonta da nasa ya noma, ita kuma ta ɗauki ɗorawoyin da ke cikin gonar. Uku ne a lokacin. Ɗaya iska ta kayar da ita wata damina, ɗaya ta bushe don kanta. Babbar ta tsakiya ce ta rage. Da iyayenmu suka kau, ita ta zo a rabona, ƙasar kuma ta zo a nasa.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai yi mamaki, amma ba baƙon abu ba ne ƙasa ta zama ta wani, itacen da ke kanta na wani. Kuma abin yana da ƙa'ida, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana. Mai itace yana shiga gona idan 'ya'ya sun nuna, ba sai ya roƙa ba, amma sai ya yi sallama da mai gona. Mai gona ba ya sare reshe, ko da ya tokare wa shanun huɗarsa hanya, sai ya aika an tambayo. Abin da iska ta kaɗo ƙasa na yaran gidan mai gona ne. Ganyen da ya zuba ya zama taki, na ƙasa ne. Makuba kuwa, wato ɓawon da ke saura bayan an fasa ɗorawa, Inna ta saba bar wa gidan Kawu su yi daɓen ɗaki da ita. Ni ma haka na ci gaba da yi, har bayan da kowa ya koma siminti ba mai buƙatarta.

Duk shekara idan zafi ya kama, tutun ɗorawa, wato furenta, ya fito ja yana reto, sai saƙonsa ya iso. Kafin zuwan waya, direban motar kasuwa yake bai wa. "Ka gaya wa baiwata ƙudan zumanta sun hana ni zama a gonata." Idan ɗorawa ta ƙosa ta bushe, sai in hau a-daidaita-sahu zuwa tasha, in shiga mota zuwa mararraba, daga nan ɗan acaɓa ya ratsa da ni ta tsakanin duwatsu. Kullum a gindin itacen nake samunsa. Ya riga ya ɗaure ƙugiya a bakin doguwar gora, ya kawo buhuna, amma ya haɗe rai kamar wanda aka zo karɓar gidansa.

"Kin zo kwasar arzikin ƙasata?"

"Na zo kwasar abin da uwata ta bar mini. Ka kwana lafiya, Sarkin Rowa?"

"Ina zan ga lafiya? Dubi karan bara a inuwar nan. Dubi! Kamar gemun ɗan akuya. Kin san dami nawa itacen nan yake cinye mini?"

"Ganyena fa, da gonarka take ci tun kana yawo ba wando? Ka taɓa cewa na gode?"

Sai ya ɗaga gorar ya fara kaɗo mini. Shi yake yi da kansa, ba ya yarda wani ya taɓa, wai masu gaggawa karya reshe suke yi. Ni da matarsa da 'ya'yansa mata muna tsincewa muna tarawa, garin ɗorawar ya rina mana baki da hannu ya yi rawaya. Matarsa mace ce mai sanyin hali, ba ta sa mana baki, sai dai ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta suna rawa. Shi ma yakan juya baya ya ɓare guda ya tsotsa. In na kama shi ya ce zakka yake fitar mini, tunda ni ban san addini ba.

Kalwar ina kawo ta Kazaure. In dafa ta yini guda, in surfa, in wanke, in sake dafawa, in rufe ta a kwando har ta yi warin da ake so. Tashin farko gidansa yake zuwa, kafin matan Babura da ke zuwa sari su ga ko ƙwara. Yakan ce miyarsu tana daɗi ne saboda ƙasarsa, ba saboda hannuna ba.

Titi ne ya canja mana lissafi. Da aka gyara wanda ya wuce kusa da ƙauyen, mutanen gari suka fara zuwa sayen gonaki. Wani manomi ya sayar da tasa, mai sayen ya kawo masu awo, aka kafa turaku, aka ba shi takarda. A cikin gonar akwai tsamiyar wata tsohuwa, ita ma gado ce. Mutumin bai sani ba, ba wanda ya gaya masa, ya sa aka sare ta don yana so ya dasa mangwaro. Da tsohuwar ta kai kuka ya ji kunya ƙwarai, ya je har gida ya ba ta haƙuri, ya yi mata alheri. Amma tsamiya ta riga ta zama itacen girki.

Ba a daɗe ba sai ga taubashina a ƙofar gidana a kan tsohon babur ɗinsa. Ya gaisa da maigidana a zaure, ya shigo, ya zauna, ya ƙi taɓa ruwan da na kawo. Da haka na gane ba wasa ya kawo shi ba. Ya ce zai sa a auna gonarsa a yi mata takarda, don yana da 'ya'ya da yawa, ba ya so bayan ransa su tsaya musu da maƙwabta a kan kunya ɗaya.

"Kuma dole ki zo," in ji shi. "Ni na san ɗorawa taki ce. 'Ya'yana sun sani. Wanda zai saya a hannun jikana bai sani ba."

Sannan ya ɗauki ruwan ya shanye, ya ce ko randar gidana rowa gare ta, ruwan bai yi sanyi ba.

Aka sa rana a ƙarshen bazara, bayan mun kwashe ɗorawar shekarar, kafin ruwan shuka. Safiyon da ya kawo, wato mai awon ƙasa, dattijo ne mutumin Filato, Kirista, ya daɗe a Kazaure har 'ya'yansa sun fi shi Hausa. Ya zo da wata sanda mai faifai a kai, da ƙaramar na'ura kamar waya, da turakun siminti a bayan mota. Na zaci yana sauka zai hau awo. Sai ya nemi inuwa ya zauna, ya ce ba zai taɓa komai ba sai mai unguwa ya zo, maƙwabtan gona sun hallara.

Na ce, "Yallaɓai, ba na'urar ce take faɗa ba?"

"A'a, Hajiya. Ni ba na yin iyaka. Iyaka tana nan tun kafin a haife ni. Aikina in nemo inda take, in ga kowa ya yarda, sannan in sa mata alama. In na auna ba maƙwabci a wajen, rigima na shuka muku."

Da suka taru muka zagaya gonar a ƙafa. Yana bin gambar da kakanmu ya dasa a kan iyaka, da bini-da-zugu na gefen kudu. Duk inda iyaka ta karya kwana sai ya tsaya ya dubi masu gonakin biyu ya ce, "Nan ne?" Sai sun ce nan ne, sannan ya kafa sandarsa ya jira na'ura ta ɗauki lamba, a haƙa rami a binne turke. Ya gaya wa kowa cewa daga ranar, tuge turken nan laifi ne a hukuma, ko da mai gonar ne ya tuge.

A arewa maso gabas gambar ta mutu, shanu sun cinye ta tuntuni. Maƙwabcin wajen Bafulatani ne, tsohon abokin taubashina, wanda shanunsa ke kwana a gonar da rani suna zuba mata taki. Safiyo ya ce su nemi wata tsohuwar alama, don alamar da ke ƙasa ta fi ƙiyasi ƙarfi, ta ma fi lambar da ke takarda. Suka yi ta tono da sanda har suka samo kututturen wata aduwa da iyayensu ke ambata. Sai wata sabuwa ta taso: ta wane gefen kututturen iyaka ta bi? Bafulatanin ya rantse aduwar a gonar taubashina take. Taubashina ya ce sam, ta Fulani ce, shi ya sa ƙayarta ta yi yawa. Kowa yana tura wa ɗan'uwansa kunya guda yana ƙin karɓa. Safiyo ya yi dariya har ya cire tabarau yana goge ido. Ya ce bai cika ganin faɗa irin wannan ba, ya sa aka binne turke a tsakiyar ruɓaɓɓen kututturen. Kowannensu ya tafi yana ƙorafin an ɗora masa ƙasar da ba tasa ba.

Da aka gama zagaye, rana ta kusa tsaka, sai taubashina ya ja mu duka gindin ɗorawa. Ya dafa ta.

"Yallaɓai, wannan fa ba tawa ba ce. Ta waccan baiwar ce. A ina za ka sa ta?"

Safiyo ya ɗaga kai ya dubi itacen. Ya ce ya san al'adar, a garinsu ma akwai irinta. Amma taswirar da zai zana ƙasa take nunawa, kuma wanda ya karɓi takarda yakan ɗauka duk abin da ya yi saiwa a ciki nasa ne. Dabara biyu ce, in ji shi. Ko a rubuta yarjejeniya da shaidu a haɗa ta da takardar gona, ko kuma a yanke ƙasar da itacen yake kai ta zama fili mai zaman kansa, da turakunsa, da sunana.

Na buɗe baki zan ce a rubuta kawai ya isa, taubashina ya riga ni.

"Takarda a akwati take kwana. Mai gatari ba zai buɗe akwati ba. Turke kuwa sai ya yi tuntuɓe da shi. A yanka mata."

Mai unguwa ya ce, "Ka san abin da kake faɗa kuwa? Kyauta ce fa, ba aro ba."

"Na sani. Ku shaida. Na ba ta ƙasar gindin ɗorawa, duniya da lahira. Ai da ma ba abin da take fitar mini sai ƙaiƙayi."

Mai unguwa ya juyo ya tambaye ni ko na karɓa. Ƙasar da Inna ta bari tun ban yi wayo ba, ga wani yanki nata yana dawowa. Na ce na karɓa, Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan magabata. Sai na ga idon taubashina yana neman wajen ɓuya. Na san in ban yi wani abu ba za mu ji kunya a gaban mutane, sai na gyara mayafi na ce, "Amma har ina? Don na san Sarkin Rowa, faɗin faifai zai ba ni."

Nan take ya dawo hayyacinsa. "Inda inuwa ta tsaya yanzu."

"Yanzu da rana take tsaka? Kun ji mugunta! A jira la'asar."

"Da la'asar inuwar nan har gonar Fulani take kaiwa. Za ki haɗa da shanunsu?"

Bafulatanin ya ce, "Ni na yarda, in za ta riƙa aiko mini da daddawa."

"Ka gani? Ko Fulani sun fi ka kyauta."

Safiyo ya bari muka yi mai isarmu, sannan ya ce inuwa ba ta zama iyaka. Abin da ke yamma da safe ya koma gabas da la'asar, ba alƙalin da zai iya hukunci da shi. Mai unguwa ya ce to a bi inda rassa suka ƙare, inda ruwa ke ɗiga in an yi sama, don nan ne ɗorawa ke faɗowa. Safiyo ya yarda, amma ya ce a ƙara sarari kaɗan, tunda rassa ba su gama girma ba, kuma a yi shi kusurwa huɗu, don duk lanƙwasa turkenta take so. Taubashina ya ce wato ɗaki za a yi wa ɗorawa, saura a saya mata gado da katifa.

Turakun siminti sun riga sun ƙare, don na gona kawai aka kawo. Sai aka sassaƙo na icce aka kafa a kusurwoyin, safiyo ya ɗauki lambobinsu a na'ura. Na shiga tsakiya na tsaya. Ban taɓa tsayawa a ƙasar da aka ce tawa ce ba sai ranar. Na ce wa taubashina ya yi sallama kafin ya shigo. Ya kuwa tsaya a bakin turke ya yi, da ƙarfi, har sau biyu, ya ce ko masu gidan sun fita ne.

Muna murna an gama, sai safiyo ya ce saura abu ɗaya. "Ta ina Hajiya za ta riƙa shigowa?"

Muka dube shi. Na ce ta inda na saba, ta ko'ina. Ya ce yau gonar ɗan'uwana ce, ko'ina hanya ne. Gobe in wani ya kewaye ta da waya ko katanga, filina ya zama tsibiri, sai dai in hangi ɗorawata daga nesa. Dole a fitar da 'yar siririyar hanya daga waje har gindin itacen, ita ma a auna ta a zana ta.

Hanya biyu ce za ta yiwu. Ta gabas tana tasowa daga burtali, inda shanu ke bi. Gajera ce, shimfiɗaɗɗiya, amalanke ma zai shiga, amma ta ratsa inda dawarsa ta fi yin kyau. Ta yamma kuwa ta kan falalen dutse take bi. Ba ta cin ko kunya ɗaya, sai dai akwai nisa da hawa.

"Ta dutse za ki bi," in ji taubashina. "Awaki ma suna bi."

"Ni akuya ce? Da gwiwar nan tawa?"

"Ki rage cin tuwo, gwiwa za ta huta."

"Ka ba ni ɗaki ka hana ni ƙofa? Ku dubi kyautar ɗan namiji, jama'a!"

Muna cikin haka matar Bafulatanin ta iso da ƙwaryar fura da nono. Aka zauna a inuwa, a filina, na ce kowa baƙona ne. Safiyo ya sha ya ƙoshi, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa. Ya ce shuka ta ƙarato, kuma shi ba ya zaɓar wa mutane hanya. Mu daidaita a tsakaninmu. In an cire amfanin gona zai dawo da turakun siminti, ya auna hanyar, ya zana komai lokaci guda.

Damina ta sauka. Taubashina ya yi shuka, ya kewaye turakun iccen bai jefa ko ƙwara a cikinsu ba. Ya aiko a gaya mini ciyawa ta cika gonata, in zo in nome kada ta ɓata masa suna. Na aika masa cewa manyan masu ƙasa ba sa noma da hannunsu. Bayan haka kusan duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya kira. Yau ya ce ya hau dutsen da kansa, ko numfashinsa bai canja ba. Wani makon ya ce ya ga wata tsohuwa da ta girme ni ta haye shi da tulu a ka. Ni kuma in ce na yi shawara da masu ilimi, sun ce baiwa ma tana da haƙƙin ƙofa. Maigidana yana jin mu yana girgiza kai, ya ce in da mun so, da maganar nan ba ta kai sallar la'asar ba. Gaskiya ya faɗa.

Da gero ya fara fitar da kai, taubashina ya zo Kazaure ganin likita saboda hawan jini. Ya biyo ta gidana, na yi masa tuwon dawa da miyar kuka. Maigidana ya fita, ba kowa a tsakar gida sai mu biyu. Ya ci kaɗan. Ya wanke hannu, sannan ya ce, ba da muryar wasa ba, "Ki ɗauki ta gabas ɗin. Gwiwarki ba za ta iya dutse ba."

Na ce, "Ban karɓa ba."

"Ke kuma!"

"A ɓoye za ka ba ni, kamar mai ba da sadaka? Sai an cire amfani. A gaban mai unguwa da safiyo da Fulani zan kayar da kai da bakina, kowa ya gani."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa. Ya ce to shi ke nan, ya janye, in shirya, don zai zo da hujjojin da ban taɓa ji ba. Na raka shi zaure. Babur ya ƙi tashi sai da ya tura shi, ina yi masa tsiya, yana ɗaga mini hannu bai waiwayo ba. Ganina da shi ke nan. Ba a kai ga yankan gero ba wayar nan ta zo.

Ba zan yi dogon bayanin makoki ba. An yi jama'a. Safiyo ma ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma cikin mutane ya daɗe. Da zai tafi ya aiko a gaya mini kada in damu da turakun icce, ko gara ta cinye su lambobin suna wajensa.

Bayan matarsa ta fita takaba, babban ɗan ya zo har Kazaure. Ya ce sun zauna da malamin da zai raba musu gado. Ƙasar gindin ɗorawa ba ta cikin gado, don an ba ni, na karɓa, an kafa alama, ga mai unguwa da maƙwabta shaidu. Hanya ce ba a ba ni ba. Gonar yanzu ta magada ce, cikinsu akwai ƙanana biyu, kuma ba mai ikon yin kyauta da rabon maraya. Sai an raba an ga wanda gabas ta faɗa wa, sannan a nemi yardarsa.

Na gaya masa abin da babansu ya ce a tsakar gidan nan, na kuma gaya masa abin da na amsa.

Ya ce, "Gwaggo, ai maganarki ta ishe mu shaida."

Na ce a'a. Ya ba ni, na ƙi karɓa, ya janye. Ba zan karɓa yanzu da ba ya nan ba. Ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya ce lallai shi kam ya san halin mutum biyun nan.

Bana da ɗorawa ta nuna na je. Ba wanda zai hana ni bi ta gabas, amma na ce wa ɗan acaɓa ya sauke ni a gindin dutse. Na hau a hankali, ina hutawa, 'ya'yansa mata biyu suna riƙe da ni suna cewa Gwaggo rigima. A gindin itacen muka tarar ashe duk cikinmu ba wanda ya iya ɗaura ƙugiya a gora. Matarsa ta ɗaura, muka ɗaga, ta zame ta faɗo. Na ɗaura, ta maƙale a reshe, gorar ta dawo ita kaɗai. Muka zauna a ƙasa muna dariya har da hawaye, ba mai tambayar wata hawayen mene ne. Bafulatanin ne ya hango mu ya zo ya ɗaure mana ita da ƙullin da suke yi wa maraƙi. Ta yi 'ya'ya sosai bana. Da na dawo gida gwiwata ta kumbura, sai da na yi kwanaki ina gasa ta da ruwan zafi. Da yana nan, da ita zan fara kafa masa hujja.

An ɗage rabon gadon sai ɗansa da ke aiki a kudu ya sami hutu. Safiyo ya riga ya aiko da turakun siminti, suna jingine a zauren mai unguwa. Hanyar dai har yanzu ba a auna ta ba.